Layin da Na Riƙe wa Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana bisa hancina. Na sha jin kunya a rayuwa, a ƙasashe iri-iri, cikin harsuna iri-iri. A Alƙahira na taɓa gaida direban minista hannu bibbiyu, na bar ministan tsaye yana kallona. A Bulgeriya na yi mako guda ina gyaɗa kai duk lokacin da aka ce a ƙara mini abinci, ban san a wurinsu gyaɗa kai a'a ne ba, har sai da wandona ya fara zamewa. Amma duk waɗannan a garin mutane aka yi su, inda ba wanda ya san ubana. Wannan kuwa a falona aka yi ta, a Arkilla, a gaban matata da maƙwabcina na shekara talatin da 'yarsa.

Kafin ku yi mini dariya (za ku yi, na sani, kuma kuna da gaskiya), ku bari in gaya muku inda na yi karatun wautar, don ba da ita aka haife ni ba. A ofis na koye ta, har aka yaba mini.

Na kama aikin gwamnati a zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan ambaliya. Yaran yanzu ba za su gane ba. A gidajen ma'aikata ba wanda ya san inda makunnin fitilar waje yake, don ba a taɓa kashe ta ba. Famfo ya kwana yana zuba, ba mai cewa uffan. Gwamnati ta tura ka karatu waje, ka dawo ba ka gama kwance akwati ba ta sake tura ka. Komai akwai, ban da abu ɗaya, shi ne layin tarho. Wayar tana nan bisa tebur, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, amma ka ɗaga ka sa a kunne sai ka ji tsit. In kana son Legas, sai ka roƙi ofareta, mai haɗa layi, tun da safe, ka zauna kusa da wayar kamar mai jinya. Wani lokaci layi ya zo da azahar, wani lokaci sai gobe. In kuwa ya zo, ba a saki. Kuma ba a yin shiru, don ofareta na leƙowa lokaci-lokaci, da ya ji ba mai magana sai ya zare ya ba wani.

A nan na yi suna. Wata rana babban sakatarenmu yana neman Legas ido rufe, kan wata takarda da gwamnan soja ya ce yana son amsarta kafin rana ta faɗi. Layi bai tashi zuwa ba sai da mutumin ya fita jana'iza. Ni ƙaramin jami'i na ɗauki wayar, na sami wani akawu a can ɗaya gefen, Bayarabe mai haƙuri, na ce masa, "Ɗan'uwa, ko me za a yi kada ka ajiye." Na karanta masa rahoton shekara na ma'aikatarmu daga bango zuwa bango. Da ya ƙare na koma kan jarida, har da tallan sabulu. Shi kuma ya koya mini yadda ake miyar garinsu. Awa uku cur. Da babban sakatare ya dawo na miƙa masa wayar da zafinta, ya dube ni ya ce, "Yaron nan zai yi nisa." Na kuwa yi nisa. Tun daga ranar, a zuciyata, riƙon layi ya shiga sahun manyan ilimai, yana zaune kusa da nahawu da lissafi.

To, shekaru suka shuɗe, na yi ritaya. Babban ɗana da ke aiki a Abuja ya gaji da yadda muryata ke yankewa in muna waya, domin lungunmu kwari ne, sabis bai cika sauka cikinsa ba. Sai ya sa aka kafa mini intanet na gida: wani faranti bisa rufi, da wani ɗan farin akwati mai fitilu a kan kabad. Wanda ya zo kafawa ya ce, "Baba, wannan ba shi da iyaka. Ka sha iya shanka." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta tuna mini da zamaninmu. Kuma shekara guda haka abin ya kasance. Da safe in saurari labarai da Faransanci, da rana da Larabci, da yamma in kira jikoki in ga fuskokinsu. Kamfanin yana yawan aiko mini da saƙonni a waya, ni kuwa ina share su ban buɗe ba, don a ganina duk talla ne. (Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.)

Maƙwabcina Malam Yohanna daga ƙasar Filato ya zo Sakkwato koyarwa a waɗancan shekarun na ambaliyar kuɗin mai, bai koma ba. Yau in yana magana sai ka rantse a bakin Rima aka yanke cibiyarsa. Ni da yawo ya gauraya mini harshe, ya fi ni Sakkwatanci nesa ba kusa ba. Ina kiransa Hedimasta, yana kirana Alhaji Sha-yawo. Naman layya na tsallaka katanga zuwa can, shinkafar Kirsimeti na tsallakowa nan. 'Yarsa Rifkatu kuwa a bayan matata Hajiya ta girma. Inna take ce mata, ni kuma Baba Alhaji.

Rifkatu nas ce, a ɗakin jarirai bakwaini take aiki. Sau uku tana neman wani horo na shekara biyu a ƙasar waje kan kula da irin waɗannan jariran, sau uku ba a ko amsa mata ba. A karo na huɗu aka ce ta kai matakin ƙarshe: intabiyu ta bidiyo, rabin awa, ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Takardar ta faɗa ƙarara cewa ba a ɗaga lokaci, ba a sakewa. Waɗanda suka ci, bayan wata biyu za su tafi.

Ranar Asabar bayan la'asar muna zaune bisa tabarma a ƙofar gida ni da Hedimasta, ta zo ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce za ta je Sabon Gari ta kama wuri a wani shagon kwamfuta don ranar.

"Shago?" na ce. "Tsakanin masu walda da masu niƙan tattasai? Turawa na tambayarki numfashin jariri, janareto na ba su amsa? Ina raye?"

"Baba Alhaji, kada in takura muku."

"Ke, rufa mini baki. Intanet ɗin gidan nan ko a Jamus ban ga wanda ya fi shi ba. Ba shi da iyaka. Ki zo ki zauna a ɗakin karatuna, littattafai a bayanki, su san daga gidan ilimi kika fito."

Hedimasta ya ce, "Karɓi, ɗiyata. Mutumin da yag ga Jamus ba a musu da shi." (Ban taɓa shiga Jamus ba. Jirgi ne ya sauka da mu can ya sha mai.)

Ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa da na shiga gida, tsohon jami'in da ke barci a cikina ya farka ya gyara hula. Na ce a raina, ranar Laraba da hantsi duk garin nan yana kan intanet, bankuna, makarantu, 'yan kasuwa. In muka bari sai ranar muka nemi layi, wa ya san wa za mu tarar ya riga mu? Mai dabara tun yau zai kama. Dokar kuwa na san ta kamar yunwar cikina: ba a saki, ba a yin shiru.

Na fara da talabijin ɗin falo, wanda ɗana ya haɗa da akwatin. Na kamo tashar da ke nuna Harami kai tsaye dare da rana, na zaɓi hoto mafi kyau da ake da shi, wanda har gumin goshin mutum kana gani. In faɗi gaskiya, da gangan na zaɓi wannan tashar, don na san duk gidan ba mai ƙarfin halin da zai sa hannu ya kashe ta. Sannan na ɗauko kwamfutata na sa mata labaran Faransanci. Tsohuwar wayata na jingina ta da kwalbar zuma na sa mata na Larabci. Da na tuna cewa layi uku ma na iya yankewa lokaci guda, sai na ƙara da wata 'yar kwamfutar hannu da jikata ta manta a gidan. Ban san yadda ake canja mata tasha ba, don haka na bar ta tana nuna wasu agwagi masu hula suna rawa.

Ranar Lahadi batirin sola ya fara kuka, sai na zare firji don kada talabijin ya mutu.

Hajiya ta fito riƙe da kwanon nama. "Alhaji, don mi kak kashe firji?"

"Aiki nake yi."

"Wane aiki? Wanga gida ya koma tashar mota. Balarabe na magana, Bature na magana, agwagi na rawa, kai kana gyangyaɗi bisa kujera."

"Layi nake riƙe wa Rifkatu."

Ta dube ni, ta dubi akwatin. "Shi layin, gudu shika yi?"

"Hajiya, ke ba ki san waɗannan abubuwan ba. Ni na riƙe Legas awa uku tun kina amarya."

"To, Allah shi ba da sa'a," ta ce, ta je ta soye naman duka don kada ya lalace. (Matata ba ta wuce aji huɗu ba, kuma ba ta taɓa fita ƙasar nan ba sai aikin Hajji. Da nakan tuna mata wannan cikin raha. Na daina.)

Kwana huɗu ina sintiri tsakanin na'urorin nan kamar mai gadin banki. In ɗaya ta tsaya tana tambaya ko har yanzu ina kallo, sai in danna mata eh da sauri, ina cewa ga ofareta ya leƙo. Ko a jam'i ban cika tsayawa addu'a ba, ana sallamewa nake ɗaukar takalmi. Fitilun akwatin na ta ƙyaftawa ba hutu, ni kuwa ina kallonsu da alfahari, ina cewa yarinyar nan ba ta san irin uban da Allah ya ba ta a maƙwabta ba.

Laraba ta zo. Ƙarfe goma da rabi Rifkatu ta yi sallama, ta sha farar riga mai guga, ubanta na biye da ita cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Tana shigowa falo ta yi turus, ta bi na'urorin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Baba Alhaji, waɗannan ba za a kashe su ba?"

"Na rage musu murya. Ke dai shiga, wannan aikin manya ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi ubanta, ta rufe. A zatonta da safen nan na kunna su. Tarbiyya ce ta cuce ta. Da mara kunya ce, da ta tambaye ni tun yaushe, da har yanzu akwai lokacin da za ta tari keke ta kai Sabon Gari.

Sha ɗaya daidai fuskoki uku suka bayyana a kwamfutarta, wata dattijuwa mai furfura da maza biyu. Ni da Hedimasta muka koma falo, muka bar ƙofa a ɗan buɗe muna saurare. Tambaya ta farko ta amsa, Turanci na fita tas kamar ruwan famfo. Ta biyu ma haka, har na ji dattijuwar ta yi dariyar jin daɗi. Na zunguri Hedimasta da gwiwar hannu.

"Ka ji layi? Kamar suna cikin ɗakin."

"Na ji, Sha-yawo. Yau ka fita kunya."

Bai rufe baki ba idona ya kai kan talabijin. Ɗawafi ya tsaya.

Jama'a, shekarata saba'in da 'yan kai, na je na gani da idona, ban taɓa ganin ɗawafi ya tsaya ba. Amma ga shi a allon falona, dubban mutane kowa da ƙafa ɗaya a sama, wata 'yar da'ira na juyawa a tsakiyarsu. Na waiwaya, Balarabe ya tsaya baki buɗe. Bature ya tsaya da yatsa a iska. Agwagi sun daskare. Sai na ji muryar Rifkatu daga ɗaki tana tambaya da Turanci ko ana jinta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sannan da Hausa, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba: "Baba! Ya tsaya!"

Muka ruga. Dattijuwar ta ƙame a allo da ido ɗaya a rufe. Rifkatu ta zaro wayarta, ba sabis ko ɗigo, kamar yadda aka saba a ɗakin. Ta miƙe ta ce bari ta ruga bakin titi.

"Kada ki motsa!" na ce. "Wani ne ya shigo mana layi. Minti biyu zan kore shi."

(Wannan ita ce wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko tsada.)

Na fita tsakar gida inda waya kan ɗan kama, na kira ofishin kamfanin na nan cikin gari, na buɗe murya don kowa ya ji yadda ake magana da kamfani. Duk suka biyo ni, har Hajiya da ludayi a hannu. Wata yarinya ta ɗauka. Na buɗe mata Turancin da nake ajiyewa don manyan ranaku. Na gaya mata na zauna a ƙasashe huɗu ban taɓa ganin irin wannan sakarci ba. Na ce ta gaya mini wa suka ba layina, kuma da izinin wa. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce da Hausa, a natse, "Baba, sannu da haƙuri. Ku ba ni lambar akwatin." Na ba ta. Na ji tana danne-danne.

"Baba, datarku ta wannan wata ce ta ƙare. Yanzun nan ta ƙare."

"Ta ƙare? Ba iyaka aka sayar mini!"

"Da haka ne. Tun watan jiya aka sa wa masu intanet na gida ƙa'ida. In an kai ta, sai gudun ya koma ƙasa sosai har wata ya sake. Mun aiko da saƙo. Mun sake aikowa shekaranjiya da kuka ci rabi, jiya ma mun aiko da ya rage kaɗan."

Saƙonnin da na share. Amma ban sauka ba. "Mu biyu ne a gidan nan, ni da tsohuwata. Wata bai ko raba ba. Yaya za a yi mu cinye na wata guda?"

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan, Baba. A watannin baya ko kusa ba ku zuwa. Amma daga yammacin Asabar zuwa yau, abu huɗu ke jan bidiyo a gidanku dare da rana, ba su huta ba. Ko wani ya sami lambar sirrinku ne?"

Kun ga ƙofar tsira, Allah ya buɗe mini ita wangangan. Da na ce wataƙila, da an ɗora wa yaran unguwa an wuce wurin. Amma ban gan ta ba, domin wallahi har lokacin ban gane ba. Na gyara tsayuwa, na dubi Hedimasta don ya shaida, na ce da ƙarfi, "Ba kowa ba ne. Ni ne. Layi nake riƙewa."



"Kuna riƙe me, Baba?"

"Layi. Don kada ku ba wani."

Na ji ta sa tafin hannu ta rufe wayar. Na ji wani sauti kamar na mai ƙoƙarin danne atishawa. Da ta dawo, muryarta ta koma irin wadda ake yi wa maras lafiya magana da ita.

"Baba, ba a riƙe shi. Ba ya zuwa ko'ina. Kamar tanki ne aka cika muku. Ku kuma kuka buɗe famfo huɗu kwana huɗu don kada ruwan ya gudu."

Na sha karantawa a littattafai cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban ma kai ga so ba. Tsayawa na yi kamar mutanen cikin talabijin, ƙafa ɗaya a sama. Hedimasta ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Rifkatu ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Kallona kawai take.

"Baba Alhaji," ta ce a hankali, "tun Asabar?"

Na dubi agogo don in sami wurin ajiye ido. Sha ɗaya da minti goma sha takwas.

Hajiya ta ajiye ludayin bisa taga ta ce, "Rifkatu, riƙa wayarki ki biyo ni." Ta ja ta ta bayan madafa, suka wuce igiyar shanya, har kusurwar katanga kusa da garken awaki, inda wani tsohon turmi ke kife a gindin darbejiya. "Zauna nan. Juya ga katanga. Nan nika kiran ɗiyana kullum."

Sabis ya cika wayar taf.

Shekara nawa ina shelanta wa duniya cewa gidana ba sabis, har aka kafa mini faranti bisa rufi. Ashe matar da ba ta wuce aji huɗu ba ta san inda yake zaune, taku ashirin daga kujerata. Ban taɓa tambayarta ba.

Rifkatu ta sake shiga ta waya, saura minti tara. Fuskokin suka dawo. Sai dai yanzu a bayanta ba littattafan gidan ilimi ba ne, awaki ne da tsohon murhu da wandunana a shanye. Hajiya ta fizgo farin zanen gado daga igiya, ta miƙa wa Hedimasta gefe ɗaya, ta cusa mini ɗayan a hannu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai mai son riƙo, riƙa wanga."

Haka muka tsaya, tsofaffi biyu, hannuwa a sama, mun yi wa yarinya bango da zanen gado. Kafaɗuna suka kama wuta. Wata akuya ta zo ta kama bakin rigata tana tauna, ban ko motsa ba. Ta bayan zanen ina jin Rifkatu ta ba da haƙuri cikin kalma biyu, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta shiga amsa tambayoyi da sauri kamar mai tsere da ruwan sama. Tana tsakiyar bayanin yadda ake ɗumama jariri a ƙirjin uwarsa in wuta ta ɗauke, dattijuwar ta ce lokaci ya cika, akwai wani na jira. Allon ya yi duhu.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Ba ta cikin waɗanda za su tafi. An ce abin da aka ji daga gare ta ya yi kyau, amma ba a gama tambayoyin ba, don haka an sa ta a jerin masu jira ko wani zai fasa.

Na sa rigar da akuya ba ta ci ba, na tsallaka gidansu na ba ta haƙuri a gaban iyayenta. Ta ce, "Haba Baba, ai don ni kuka yi." Da zagina ta yi da na fi samun barci. Kullum da safe kuma in za ta asibiti sai ta tsaya ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ni kuwa ina amsawa ina kallon takalmina. Hedimasta ya yi kwana uku bai fito tabarma ba. A rana ta huɗu ya zo ya zauna har aka kusa kiran magariba. Sannan ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce, "Sha-yawo, zan zagaya in dawo. Riƙa min wurina, kada a ba wani." A nan na san an yafe mini, kuma na san har in mutu ba za a bar ni in huta ba.

Kada ku ce na wanke kamfanin. Har gobe ina nan kan bakana. Na ci kasuwa a Hartum, na ci a Yamai, na ci a nan gida, ko'ina in mai awo zai rage mudu, a gaban idonka yake gaya maka. Ba a ce wa mutum sha iya shanka, sannan a zo a ɗaura wa tulun baki a ɓoye sanarwar tsakanin tallan waƙa da tallan wasan ƙwallo. Na zauna na rubuta musu wasiƙa shafi uku kan haka, na karanta wa Hajiya ina fassara mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ta yi kyau. Ka rubuta cewa saƙo uku sunka aiko?" Wasiƙar na nan cikin aljihun tebur.

Wata takwas Rifkatu ta yi tana jira, wata takwas da ni na ɗora mata, kafin wani a rukuni na gaba ya fasa aka kira ta. Yanzu tana can. Duk ranar Lahadi bayan ta dawo coci takan kira mu ta bidiyo, Hajiya ce ke kunna akwatin, ita ke kashewa, ni an ce in riƙa karanta saƙonnin kamfani da ƙarfi kowa ya ji. In mun gama gaisawa, Rifkatu kan matso da fuskarta kusa da allo ta ce, "To Baba Alhaji, ku saki. Zan sake kira, yana nan."

Ina saki. Abin da na koya dai shi ne, ilimi ma kamar maganin asibiti yake, akwai ranar lalacewarsa a jikin kwalba. Nawa na yi shekara arba'in ina yawo da shi a aljihu ban duba ba, kuma da na tashi ba da shi, 'yar mutane na ɗura wa.